Aljanin Gishiri

Taubashina ne ya kashe mini kasuwa, da kalma biyu, a gaban kumandan da rabin mutanen Tawa. Ɗan kawuna ne, kuma shi ne tafintan biro, wato ofishin kumandan, a wancan lokaci. Bai zage ni ba, bai ɗora mini sata ba. An ba shi magana da Faransanci ya juya ta Hausa, ya juya ta a karkace, ni kuwa na yi wata tara ina zaune gaban gawayi ina korar ƙuda. Yau ga furfura a gemuna, amma in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ba zan ɓoye ba, akwai abin dariya a ciki, ni ma nakan dara in ba kowa kusa.

Liƙi ne sana'ata. Bokitin da ya huje, butar da bakinta ya cire, garwar da ke yoyo, a kawo mini in toshe da dalma. Gwangwanin madara da na kifi da Nasara suka zubar kuwa, in yanka in lanƙwasa in mayar da su fitila ko mazurari. Ba gadon gidanmu ba ne. Mu manoma ne, gonarmu na kan hanyar Kalfu. A garajin gwamnati na koya.

Ni da taubashin nan rana ɗaya aka kai mu lakwal, makarantar boko, shekarar da aka ce kowace unguwa ta kawo yara. Na yi shekara uku, mushe mai koyar da mu ya ce kaina ya cika, ba wurin ƙari. Shi ya ƙare, aka tura shi gaba, ya dawo da takalmi sau-ciki da alƙalami a aljihun gaba. Ni abin da na fito da shi bai wuce in karanta rubutun jikin gwangwani ba, a hankali, ina bi da yatsa. Tun muna yara bawana yake ce mini, tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Ni kuma in ƙwace masa hula in ce ya zo ya fansa. Wasan taubasai ke nan, ba a fushi da shi.

Maigidana a garaji wani Anasara ne ƙato, ja wur, hannunsa na hagu yatsa uku. Ba ya jin Hausa sai zagi, ni ba na jin Faransanci sai rabi, amma mun fahimci juna. A ƙuryar garajin akwai wata babbar kwalba cikin kwando, murfinta ma na gilashi. Abin da ke ciki kamar ruwan sha, sai dai ɗan rawaya-rawaya. Ma'aikata asid suke ce masa. A takardar jikinta an rubuta Esprit de sel, na karanta da yatsana tun ranar farko. Ranar ce kuma maigida ya nuna hancinsa, ya nuna kwalbar, ya girgiza kai. Yana juya baya na zare murfin na shaƙa. Na ji kamar an cusa mini barkono da allura tare har cikin ƙwaƙwalwa. Na yi tari har na durƙusa, ga hawaye ga majina, shi kuwa ya riƙe ciki yana dariya. Da na dawo hayyacina ya ce to, na gama karatun farko, shi ma haka ya yi nasa.

Daga baya na san amfaninsa. Dalma ba ta kama ƙarfe mai datti ko tsatsa, sai ta dunƙule ta gangare. Asid ke cinye dattin ya bar ƙarfen fes. Amma ɗanyensa ya yi wa yawancin aiki ƙarfi, sai an kashe shi. A zuba kaɗan a ƙaramar kwalba mai faɗin baki, a jefa gutsattsarin tutiya, irin wadda muke ɓarewa daga jikin tsohon batirin tocila. Sai ya hau tafasa ba wuta, yana kumfa, har tutiyar ta daina narkewa. Shi ke nan ya mutu, sai a dangwala da gashin kaza a shafa inda za a liƙe. Lokacin da yake kumfar nan ba a kusanto da wuta, don iskar da ke tashi tana kamawa. Wani direba ya zo kunna taba a kai, ya koma gida ba gira. Ɗanyen kuwa da shi muke wanke kwanon rufi kafin liƙi, da simintin da ya bushe a daɓen gidan kumandan, da farin ɓawon nan da ruwan rijiyoyinmu ke bari cikin tankin ruwan mota. In za a sirka shi, shi ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikinsa ba. In ya ɗiga a hannu, maza a wanke da ruwa mai yawa. In ya zube ƙasa maigida kan barbaɗa wani farin gari, ya yi kumfa ya lafa. Lokacin babban yaƙin Nasara farin garin ya ƙare, ba mota ba saƙo, sai na kawo kanwa daga gida na daka, ta yi aikin daidai. Maigida ya dube ni ya ce wane wawa ne ya kore ni daga lakwal. Wanduna kuwa ban san iyakar waɗanda na rasa ba. Ɗigo ɗaya ba ka ganinsa, sai an yi wanki ka tarar da huji inda bai kamata ba.

Na taɓa tambayarsa ma'anar sunan. Sel na sani, gishiri ne. Esfiri fa? Ya ce daga gishiri ake fitar da shi. A zuba wa gishiri ruwan batirin mota mai ƙarfi a aza a wuta, tururin da ya tashi a tare shi cikin ruwa. Mutanensu na da, duk abin da ya tashi ya bar jikinsa a ƙasa, esfiri suke ce masa. Wato tururin gishiri ke nan, ko ƙarfin gishiri, ba wani abu ba.

Bayan yaƙi ya koma ƙasarsu. Ya bar mini ƙarfen liƙi biyu masu kan jan ƙarfe, da almakashin kwano, da ƙaramar kwalba cike, ya kuma gaya wa mai kantin Nasara ya riƙa sayar mini in ta ƙare. Na kafa rumfa a kasuwa. Shekara huɗu ina cikin daɗi. Ran Lahadi, ranar kasuwa, tun hantsi matan Kalfu da na Barmu ke jere kayansu gabana su tafi cefane, su dawo su zauna suna jira. Ina aiki suna tsokanata, ina ramawa. Wata tsohuwa tasa ɗaya take kawowa duk wata, har na ce mata, Inna, yanzu fa dalma ta fi tasar yawa. Ta ce in yi aikina, tasar ta girme ni. Na yi aure, na sayi jaki, na ƙara ɗaki.

Laifina a cikin abin, zan faɗe shi da kaina. Murfin gilashin kwalbata ya faɗi ya fashe. Maimakon in nemi wani, na toshe bakin da guntun kara da tsumma, na ajiye kwalbar jikin zanar da ta raba ni da maƙwabcina. Maƙwabcin ɗan koli ne, mai allurai da asake da almakashi, dattijo mai tsabta wanda ke goge kayansa kowace safiya. Na san tururin asid na sa ƙarfe tsatsa ko bai taɓa shi ba, a garaji nesa da kayan aiki muke ajiye shi. Na sani, na manta. Cikin bazara, wata shida ba ɗigon ruwa daga sama, dattijo ya buɗe akwatinsa ya tarar allurai sun yi ja sun manne da juna, asake sun yi ƙuraje. Ya goge, bayan kwana uku suka koma. Ya canja akwati, suka koma. Ya lura waɗanda ke kusa da zana sun fi lalacewa, ya leƙo, ya ga kwalba tana ɗan hayaƙi ita kaɗai ba wuta.

Na ba shi haƙuri, na ce zan kai ta nesa, zan kuma goge masa kayan da hannuna. Bai ji ba. Ya kai ƙara wurin sarkin kasuwa, sarkin kasuwa ya ga rubutun Nasara a jikin kwalbar ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, a wuce biro. Gardi, dogarin biro, ya sa ni gaba, ina rungume da kwalba kamar jariri, ɗan koli na biye da akwatinsa a ka, bayanmu duk wanda ba shi da aikin yi a Tawa.

Kumandan na zaune a baranda, kuma ranar yana cikin nishaɗi. Taubashina na tsaye gefensa cikin farin kaki. Da na gan shi na ji sanyi a raina, na ce ai namu ne. Ɗan koli ya faɗi nasa, aka juya. Kumandan ya karɓi kwalbar, ya karanta, ya kwashe da dariya. Mutum ne mai tara fararen duwatsun nan na Adar masu siffar katantanwa, ana kawo masa daga tsaunuka, da su yake danne takardu. Ya ɗauki ɗaya ya aza a ƙasa, ya ɗiga masa asid. Dutsen ya hau kumfa yana shuu kamar an zuba ruwa a garwashi. Mutane suka ja da baya. Ya ɗaga kwalbar ya yi magana, kuma na ji duk abin da ya ce, don irin Faransancin garaji ne. Ya ce wannan esfiri da sel ne kawai, kowane mai liƙi a ƙasarsu yana da shi, a toshe shi da kyau, kowa ya tafi gida.

Taubashina ya gyara murya.

“Kumandan ya ce abin da ke cikin kwalbar ga, aljanin gishiri ne. Ya ce a toshe shi da kyau kada shi hita. Kowa shi tahi gida.”

Ban taɓa ganin filin biro ya watse da sauri haka ba. Ɗan koli ya bar akwatinsa. Gardin da ya kawo ni ya matsa taku uku yana karanta duk addu'ar da ya sani. Na buɗe baki, amma a lokacin talaka ba ya gyara wa tafinta magana gaban kumandan, sai in yana marmarin gidan kaso. Kumandan ya ga mutane na gudu, ya ɗauka dutsen ne ya ba su tsoro, ya ƙara dariya, ya miƙo mini kwalbata. Na ci shari'a. Na koma rumfa ni kaɗai, hanya a buɗe, har awaki kamar suna kauce mini.

Lahadin da ta biyo ba wadda ta zo. Wa zai sha ruwa a butar da aka shafa wa aljani? Wasu ma suka fitar da kayan da na liƙe musu tun bara suka kai wa malamai a tofa. Tsohuwar nan mai tasa ta wuce ta nesa ta ɗaga mini hannu, tasar na ƙarƙashin zane. Ɗan koli ya ƙaura can layin masu goro. Na riƙa tsayawa bakin rumfa ina bayani, tururi ne, gishiri ne, ga yadda ake yi. Sai a ce to, kai ka fi tafinta jin Nasaranci? Shi shekara nawa ya yi a lakwal, kai nawa? Nan maganar ke mutuwa.

Na je wurin kawuna na kai kuka. Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi, ya ce haba, wasan taubasai ne, wa ya taɓa kai ƙarar taubashi. Uwata ma haka ta ce, ta ƙara da cewa in na yi fushi ni za a yi wa dariya. Shi kuwa gogan in mun haɗu a hanya sai ya tsallaka wancan gefe, ya ɗago hannu daga nesa ya ce bawana ina gajiya, ya ƙara sauri. Na ɗauka kunya ce ke cinsa.

Abin da ya riƙe ni Buzaye ne. Su ko ba su ji ba, ko sun ji ba su damu ba. Butar shayi in ta huje sai an liƙe ta, ko wa ke cikin kwalba. Wani dattijonsu ma ya ce mini ai su da gishiri tare suke tafiya tun kakanni, in yana da aljani da sun gamu da shi tuni. Da su, da ɗan aikin anfarme, wato mai taimakon likita, wanda ke kawo mini gwangwanin dafa allurai, muka ci tuwo. Shi ne ma ya samo mini sabon murfin gilashi.

Sai kuma wata kasuwar da ban nema ba ta buɗe. Mutane suka fara zuwa gida, ba rumfa ba, suna magana ƙasa-ƙasa. Wani na so in tambayi aljanin inda raƙuminsa ya ɓata. Wata na so in ɗiga mata a bakin ƙofa saboda ɓarayi. Matata ta ce da ina da wayo da na shimfiɗa fata na rataya layu na zauna, da mun fi da samu. Wanda ya tsorata ni wani ɗan kokawa ne daga wajen Barmu, ƙato kamar rumbu. Ya durƙusa ya ce ɗigo uku kawai yake so, a cikin fura, kafin wasan kaka. Na ce masa wannan abu in ya bi maƙogwaro sai ya ƙone shi tun daga harshe har ciki, wanda ya sha in bai mutu ba zai ƙare rayuwarsa yana haɗiyar kunu da ƙyar. Ya ce ya ji, ai abu mai ƙarfi haka yake. Na ɗauko tsumma na jiƙa na shanya a rana, muka zauna har ya bushe, na murza shi ya marmashe kamar busasshen ganye. Na ce ka ga hanjinka ke nan. Idonsa ya yi haske, ya ce to ɗigo biyu. Da awartaki mai zafi na raka shi har ƙofar gida. Tun ranar na sa kwalbar a akwati na datse, makullin a wuyana, wannan kuwa ya ƙara tabbatar wa mutane zancen tafinta.

Wata tara ana haka. Na sayar da jaki. Ran nan bayan la'asar ina tsakar gida ina yanka gwangwani, sai ga sallama. Taubashina ne, ba kaki, ba takalmi sau-ciki, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Bai ce bawana ba. Da sunana na yanka ya kira ni. Ya ƙi hawa tabarma ya zauna a ƙasa, yana satar kallon akwati.

Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da ita. Wata uku ke nan, in ji shi, cikinsa na ci da wuta. In ya ci abinci wani ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro, in bai ci ba abin ya fi. Ya je wurin likita Anasara, likita ya danna nan ya danna can, ya ce asid ne ya yi masa yawa a ciki. Ya tambaya wane asid. Likita ya faɗi wani dogon suna, da ya ga bai gane ba ya ce wanda ake kira esfiri da sel.

“Don Allah, don zumunci, ka hidda mini shi,” in ji shi. “Na san na tona maka asiri gaban mutane. Amma abin da kumandan ya hwaɗi shi na hwaɗi, ban ƙara komi ba.”

Na ajiye almakashi. Wata tara ina zaton mugun wasa ya yi mini, ina tsara zagin da zan yi masa. Ashe ba wasa ba ne. Mutumin da ya ƙare lakwal ya ji esfiri, a littafinsu esfiri aljani ne, ya juya, kuma ya gaskata bakinsa. Tsallake hanyar da yake yi ba kunya ba ce, tsorona yake ji. Na rasa ko in yi dariya ko in jefe shi da guduma. Kuma gaskiya ni ma maganar likitan ta ɗaure mini kai. Abin da ke huda wando, me zai kai shi cikin mutum? Na ce masa ya tafi, zan duba, ya dawo bayan kwana uku.

Da safe na ɗauki gwangwanin anfarme da na gama na kai masa, na tambaye shi, ban faɗi ko wane ne ba. Ya yi dariya har ya zauna. Ya ce kowa na da shi. Tumbin mutum da kansa yake tatso shi, sirkakke, shi ke taimakawa wajen narkar da abinci, shi ke kashe ƙazantar da muke haɗiya ba mu sani ba. Allah ya shafe cikin tumbin da wani abu mai yauƙi don kada ya ci kansa. In shafen ya yi rauni sai gyambo, in ruwan ya taso sama inda ba shafe, shi ne ƙwannafi. Ya ce akuya na da shi, jaki na da shi, kare na da shi, shi ya sa yake cin ƙashi ya kwana lafiya. Har ya ce a wasu ƙasashe akwai duwatsu masu aman wuta da ke fitar da tururinsa. Wannan kam ban gani ba, na bar masa. Na ce to maganin fa? Ya ce likita kan ba da farin gari a kaɗa a sha, a rage barkono da goro da kafe, wato gahawa, da taba, a daina zama da yunwa. Sai na tuna tsofaffinmu da jiƙon kanwa in ƙwannafi ya tashi. Ashe aikin da nake yi a daɓen garaji shi suke yi a cikinsu tun kafin a haifi kumandan. Na fito ina dariya ni kaɗai a hanya, abin da bai taimaki sunana ba.

Da na so da na aika masa a ranar. Ban aika ba. Na bar shi ya cika kwana ukunsa, Allah ya yafe mini. Matata ta ce wannan mugunta ce. Na ce wata tara fa. Sai ta ce to ko za a ƙara masa kwana ɗaya.

Taubashina ya dawo da baƙin ɗan akuya a igiya, wai ko za a buƙaci yanka. Da ƙyar na hana matata karɓa. Na gaya masa abin da anfarme ya ce, ɗaya bayan ɗaya, da abin da maigidana ya faɗa game da sunan. Na tambaye shi ina garin da likita ya ba shi. Ya ce yana aljihu, bai sha ba, me gari zai yi wa aljani. Na sa ya kaɗa a ruwa ya sha a gabana. Ba a jima ba ya yi wata gyatsa da ta firgita ɗan akuyar. Ya zauna yana shafa ciki, fuskarsa na sakewa, sannan kunyar gaske ta zo, wadda na daɗe ina jira. Sai kuma ya fara ciniki. Ya ce kada maganar ta fita, in kumandan ya ji tafintansa ya yi irin wannan kuskure, kakin ya tafi. Zai sa a riƙa kawo mini duk aikin liƙi na biro, a asirce, bokitan gidan kaso ma kaɗai sun ishe ni.

Abin da na nema a maimakon haka ya yi shi daga baya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mata sun dawo, ba duka ba, kuma ba rana ɗaya ba. Sunan da aka laƙaba mini kuwa bai fita ba. Har yau akwai ƙauyukan da in ka tambayi mai liƙi ba a gane ba, sai ka ce mai aljani. Shi ya riƙe kakinsa har ya tsufa a ciki. Amma ranar, da ya gama cinikinsa, na miƙe tsaye don kada ya ɗauka wasa ne, na ce masa:

“Riƙe bokitan kaso, ban so. Ba biro ta guje mini ba, kasuwa ta guje mini. Kuma ba kuskuren ya ƙona ni ba, kowa na kuskure. Ina tsaye gabanka, taku huɗu, ka san shekara nawa na yi da kwalbar ga, kuma ni ɗan gwaggonka ne. Juyowa guda za ka yi ka ce, kai, mine ne wanga? Girman kai ya hana ka. To ga abin da za ka yi. Ran Lahadi da hantsi, in kasuwa ta cika, ka sa kakinka da takalminka, ka ɗauko butar da kake alwala da ita, in ba ta huje ba ka huda ta. Kai za ka riƙo ta, ba wani ba. Ka bi ta layin masu goro, ka bi ta ƴan hura, ka zo ka zamna bisa tabarmata har in liƙe. In na gama in cika ta da ruwa, ka sha gaban kowa. Ba sai ka ce komi ba. Bakinka ya yi mini aikin da ya isa.”